Madarunfa: bakin mahaifa, ƙofar da ke buɗewa ba a ji ba

A ƙauyukan Madarunfa, daga Gabi zuwa Ɗan Isa, idan mace ta yi ɓari sau biyu ko uku a wata na biyar, akan ce iska ce ko sammu, a nufi gidan malam. Sau da yawa kuwa dalilin yana jikinta, kuma ana iya auna shi.

Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke riƙe da ɗa har wata tara. Tsawonsa a tsakiyar ciki yakan kai santimita 3 zuwa 4. Ga wasu mata yana gajarcewa tun da wuri, ya saki, ba ciwo ba naƙuda. Sai dai nauyi a mara, ko ciwon baya, ko ruwa da ya sauya. Likitoci na auna shi da ekografi ta gaba, tsakanin sati 16 da 24. In ya gaza milimita 25, haɗarin ɓari ko haihuwar bakwaini ya ƙaru. Awon da aka yi kafin nan ba ya faɗin abu mai yawa.

Magani akwai: ƙwayar projestaron da ake sawa kullum, ko ɗinke bakin mahaifa da zare, dabarar da likita Shirodkar na Indiya ya bayyana a 1955. Wadda ta sha ɓari akan yi mata ɗinkin a sati 12 zuwa 14, a kwance shi wajen sati 37. Aiki ne na babbar likita, kamar cibiyar uwa da ɗa ta Maraɗi, kuma Maraɗi ba nisa.

Matsalar ita ce lokaci. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mai da awon ciki kyauta, a 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, da hoton ciki guda kafin sati 24. Amma kunya na sa mace ta ɓoye cikinta har sai zane ya kasa rufe shi, musamman na fari. Ranar da ta isa gaban sajfam, watannin awon sun wuce.

Nan maganar ta dawo kan maigida, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, tunda izini da kuɗin mota na hannunsa. Wanda matarsa ta taɓa ɓari bayan wata huɗu, ya kai ta awo tun cikin bai wuce wata uku ba, kuma a faɗa wa sajfam ɓarin baya duka, da watan da kowanne ya faru.