Lissafin Gudun Jirgi da Gudun Ruwa

A kowace shekara muna ganin ɗalibai suna faɗuwa a tambayar jirgin ruwa a jarrabawar aljabra, alhali yawancinsu sun san gulbin Zamfara da ya bi ta Jega ya faɗa gulbin Sakkwato. Abin da Basarke ya sani a bakin gulbi shi ne ake tambaya a takarda.

Ƙa'idar guda ce. In jirgi yana gangarawa, ruwa yana tura shi, sai mu tara gudun jirgi da gudun ruwa. In yana haurowa, ruwa yana danne shi, sai mu ɗebe. Nisa kuwa gudu ne sau lokaci.

Ga misali. Kwalekwale mai inji ya gangara kilomita 24 cikin awa 2, ya hauro cikin awa 3. Bari x ya zama gudunsa a ruwan da ke kwance, y kuma gudun ruwa. Wajen gangarawa 24 raba 2 ya ba mu 12, wato x + y = 12. Wajen haurowa 24 raba 3 ya ba mu 8, wato x − y = 8. In muka tara su biyu, y ya fita, ya rage 2x = 20. Ke nan x = 10, y = 2, duka kilomita a awa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton abin da ruwa ya ba ka a zuwa, shi zai karɓe a dawowa. Ya fi haka karɓa, domin haurowa ta fi daɗewa. A ruwa kwance tafiyar kilomita 48 awa 4 ce da minti 48, amma nan ta ci awa 5.

To, a ce gulbi ya cika a watan Agusta, gudun ruwa ya kai 6. Zuwa awa 1½, dawowa awa 6. Direban da ya auna fetur da lokacin zuwa kaɗai, man zai ƙare masa a hanya, dare kuma ya same shi da fasinjoji a tsakiyar ruwa.

Saboda haka, ɗalibai, ku rubuta x + y da x − y tukuna, ku tabbata awon lokaci iri ɗaya ne, sa'an nan ku mayar da amsarku cikin tambayar ku gwada.