Amiyanti: Ƙurar da ido ba ya gani, mai kisa bayan shekaru

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Duk wanda ya saba zagaya wurin masu sayar da kayan gini na hannu, a Dakoro ko a Maradi, ya san irin hajar da ake bajewa: ƙofofi, tagogi, katako da tsohon kwano, galibi waɗanda aka ciro daga ginin da aka rushe. A cikinsu akan ci karo da wani irin kwano mai launin toka, mai nauyi, wanda ba ya tsatsa, ba ya ƙara in ana ruwa, kuma bai kai kwanon ƙarfe ɗaukar zafi ba. Mai rumfa na ganinsa sai ya ce ya yi tsintuwa. To amma a cikin irin wannan kwano na da ne ake samun abin da Faransawa ke kira amiyanti, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke ce masa asbestos.

Mene ne amiyanti?

Amiyanti dutse ne da ake haƙowa a ƙasa, wanda in an farfasa shi yake warwarewa zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cin sa, ruwa ba ya ruɓar da shi, ga shi da arha. Shi ya sa masana'antu suka yi ta cuɗa shi da siminti suna yin kwanon rufi, da allunan palafon wato silin, da bututun ruwa, suna kuma sa shi a fatar birki da farantin kulocin mota. A cikin kwanon siminti na da, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 amiyanti ne. A Najeriya kamfanoni irin su Nigerite a Legas da Emenite a Enugu sun daɗe suna yin irin waɗannan kaya kafin su koma amfani da wani zare na daban. Ganin yadda haja ke shigo mana ta hanyar Katsina, Jibiya da Ɗan Isa, ya kamata a sa ido kan duk ginin siminti da aka yi tsakanin shekarun 1960 da 1990, ko ofis ne, ko aji, ko sito.

Yawancin gidajenmu na Dakoro na laka ne, masu rufin azara ko kwanon ƙarfe, kuma waɗannan ba su da wannan matsala. Wurin da ya kamata a kula shi ne tsofaffin gine-gine, da kayan hannu, da garejin makanikai.

Ina haɗarin yake?

Muddin kwanon yana nan lafiya a kan rufi, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Masifar tana farawa ne ranar da aka sa masa zarto, ko aka huda shi, ko ya faɗo ya farfashe aka bi da tsintsiya. Nan take zaren ke tashi cikin iska, ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ba shi da wari, ba ya sa atishawa. Wanda ya shaƙe shi ba zai ji komai ba a ranar. Zaren zai sauka cikin huhu ya maƙale, jiki kuma ba ya iya narkar da shi.

Sai bayan shekara 20, ko 30, har 40, ciwo ke bayyana. Wani huhunsa ne zai ƙandare, numfashi ya riƙa yi masa wuya ko da ƴar tafiya ya yi. Wani sankarar huhu ce za ta kama shi. Mafi muni ita ce sankarar fatar da ta lulluɓe huhu, wadda likitoci ke kira mezoteliyom, wadda kusan duk mai ita ya taɓa shaƙar amiyanti, kuma da wuya a warke. Binciken masana ya tabbatar da cewa yana haddasa sankarar maƙogwaro da ta ƙwan mace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ne ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar sa a wurin aiki. Mai shan taba kuwa, haɗarin sankarar huhu ninkuwa yake yi a kansa.

Iyayenmu mata, wannan magana ta shafe ku ko da ba ku taɓa hawa rufi ba. A ƙasashe da dama an samu matan da suka kamu alhali ba su taɓa shiga masana'anta ba, kayan aikin mazansu kawai suke kakkaɓewa kafin wanki. Haka ma wadda ta tsinci ɓallin kwanon ta yi murfin tukunya ko kariyar murhu da shi, ko ta bar yara suna goga shi a ƙasa suna wasa. Bayan ambaliyar daminar 2024, wadda jihar Maradi ke cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna, mun ga yadda jama'a ke tonon ɓaraguzai don ceto abin da ya yi saura. A irin wannan lokaci ne ake cakuɗa mai cutarwa da marar cutarwa.

Kalmomin masu bincike

Ɗan kasuwa ba ya sayen abin da bai san sunansa ba, don haka ga kaɗan daga kalmomin da ake gani a takardu ko a jikin kaya. In an rubuta fibrociment, ana nufin siminti mai zare, kuma ba kowane ne ke da amiyanti ba. A kayan da aka yi a Turai, tambarin NT na nuna sabon haɗi ne marar amiyanti, AT kuwa na nuna akwai shi. Ƙaramin harafin a fari a kan baƙi, da jan gargaɗi a ƙarƙashinsa, shi ma alama ce ta akwai shi.

Diagnostic amiante shi ne binciken da gwani ke yi wa gini kafin a sayar, ko a gyara, ko a rushe. Prélèvement shi ne ɗan guntun da yake yanka ya kai ɗakin gwaji, domin ido kaɗai ba ya rarrabewa, ko na wanda ya shekara talatin yana gini. Friable na nufin mai marmashewa a hannu, shi ne mafi haɗari. Non friable kuwa wanda siminti ya riƙe. Encapsulage shi ne a shafe shi da abin da zai danne zaren a bar shi inda yake, désamiantage kuma a cire shi gaba ɗaya a ƙarƙashin kariya.

Me duniya ta yi?

Faransa ta haramta amiyanti tun ranar 1 ga Janairun 1997, Tarayyar Turai ta bi a 2005, Afirka ta Kudu, wadda ta daɗe tana haƙo shi, a 2008, Kanada a 2018. Amma har yanzu ana haƙo shi a Rasha, Kazakistan da Sin, ana kuma sayar wa ƙasashen da ba su hana ba. Yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda Nijar ke ciki, ta hana shigo da shara mai guba cikin Afirka, kuma sharar amiyanti na cikin jerin. Sai dai takarda ba ta tsaron kasuwa, mai saye da mai sayarwa ne ke tsaronta.

Abin da ya rage gare mu

Kafin a sayi kwanon siminti ko allon palafon na hannu, a tambayi daga wane gini ya fito da shekarar da aka yi shi. In tsoho ne kuma ba tambari, a ɗauka yana da shi, a haƙura da ribar. Wanda ke da shi a rufi kuma bai fashe ba, kada ya yi gaggawar ɓamɓare shi. In cirewa ta zama dole, a jiƙa shi sosai, a kwance kusoshi a sauke shi ɗungurungum ba tare da an karya ba, a nisantar da yara da masu abinci. Kada a share da busasshiyar tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗaure tsumman da gutsattsarin a leda biyu, a nemi ma'aikatan magajin gari su nuna inda za a binne. Kada a jefa shi a wuta ko a cike ramin hanya da shi. Rawani da takunkumin yadi ba sa tare wannan zare, sai takunkumi mai lamba FFP3. Makanikai su daina hure ƙurar birki da baki ko da iska, su wanke da ruwa. Kayan aiki kuma a jiƙa su tun a wurin aiki, kada a kai wa uwargida su da ƙura.

Magini, ko kafinta, ko makaniken da ya daɗe a sana'a, in tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko numfashi na sarƙewa, ya je asibiti ya gaya wa likita irin aikin da ya yi shekaru da suka wuce, don kada a tsaya ga zaton tarin fuka kaɗai.

Muna kira ga hukumomi da su ƙidaya tsofaffin azuzuwa da ofisoshi masu irin wannan rufi kafin a ba da kwangilar gyara, shugabannin ƴan kasuwa kuma su kai maganar rumfa-rumfa. Ƙurar da aka tayar yau, yaron da ke wasa a gindin rumfa ne zai biya kuɗinta yana magidanci. Allah ya kiyashe mu.