Gidan da ba a shimfiɗa wa tabarmar ta'aziyya a Zango

A Zango ba a gayyatar mutum jana'iza. Da ladan ya yi sanarwa bayan sallar asuba, ko saƙo ya faɗo a WhatsApp ɗin unguwa, magana ta ƙare. Mai shago ya ja ƙofa, direba ya ajiye mota, mata su yafa mayafi su nufi gidan rasuwa. Kafin la'asar an yi wanka, an sa likkafani, an yi salla, an kai mamaci makwancinsa. Daga Nima da Mamobi a Akra, zuwa Aboabo a Kumasi, har Tamale, haka muka taso muka gani. Maƙwabtanmu da ke ajiye gawa makonni kafin su yi babban taro sukan yi mamakin wannan sauri da wannan haɗin kai.

Amma akwai mutuwa guda da take kwance duk wannan tsari. Idan aka ce wane shi ya ɗauke ransa da hannunsa, sai ka ji unguwa ta yi tsit. Ladan ya rasa abin da zai faɗa, mai wankan gawa ya ce yana da uzuri, tabarmar ƙofar gida ta wuni da mutum uku ko huɗu. Iyalin da suka fi kowa bukatar jama'a a ranar, su ne jama'a ke gudu.

Dokar ƙasa ta canja a kan wannan batu tun 2023. Mu ne ba mu canja ba, kuma muna biyan kuɗin shirun da rayukan 'ya'yanmu.

Abin da majalisa ta gyara

Tun 1960, sashe na 57 na dokar laifuffuka ta Ghana, wato doka mai lamba 29, ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi. Wanda Allah Ya kuɓutar da shi, maimakon ya ga likita, yana iya ganin alƙali, har a ci shi tara ko a ɗaure shi. Tsari ne da muka gada daga Turawan Ingila, waɗanda su kansu suka soke shi a ƙasarsu tun 1961.

A watan Maris na 2023 Majalisar Dokoki ta gyara sashen. Yanzu wanda ya yi yunƙurin ana ɗaukarsa mara lafiya ne mai bukatar magani ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846. Wanda ya zuga wani ko ya taimaka masa ya halaka kansa, shi kam har gobe babban laifi ne a kansa.

Wasu a cikinmu sun ɗauka gwamnati ta halatta abin da Allah Ya haramta. Ba haka ba ne. Haramcin yana nan daram, aya ta 29 a cikin Suratun Nisa'i ta hana mu kashe kanmu, kuma ta rufe da tunatar da mu rahamar Allah. Abin da majalisa ta cire shi ne tsoron ɗan sanda. Da, uwa za ta tarar da ɗanta a wani hali, ta gwammace ta ɓoye shi a ɗaki ta ba shi rubutu da ta kai shi asibiti a kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma babbar alamar haɗari ita ce mutum ya taɓa gwadawa a baya. Kenan wanda aka ɓoye yau, shi ne ake tsoron a binne gobe. Matsalar ita ce, in ka tambayi mutum goma a wurin shan ataya, da wuya ka samu biyu da suka ji labarin wannan gyara.

Tsakanin ɗan sanda da likkafani

Idan abin ya riga ya faru, wahala ta farko ta takarda ce. Dokar binciken mutuwa ta 1960 ta ce duk mutuwar da ba ta ciwo ko tsufa ba ce, ko wadda ba a san dalilinta ba, dole a sanar da hukuma. Alƙalin majistare na gunduma shi ke da ikon bincike, kuma yana iya ba da umarni likita ya duba gawa. Bayan nan sai an samu takardar izinin binnewa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa.

Dokar tana da dalili mai ƙarfi. Ba don ita ba, wani zai kashe matarsa ko ɗan riƙonsa ya ce su suka yi wa kansu. Amma likitocin da ke wannan aiki kaɗan ne, galibinsu a manyan asibitocin birane. Idan mutuwa ta faɗo daren Juma'a, iyali na iya kaiwa Litinin ko Talata suna zirga-zirga tsakanin ofishin 'yan sanda da ɗakin ajiye gawa, ga kuɗin mota, ga kuɗin ajiya. Ga Musulmin da ya saba binnewa a wuni guda, kowane dare azaba ne, kuma kowane dare tsegumi na ƙara tsawo.

Shi ya sa wasu gidaje ke rufe zancen. A ce hawan jini ne, a ce faɗuwa ya yi, a yi sauri a binne. An tsira daga kunya, amma an sa kai cikin haɗarin doka, kuma an bar yara da ƙaryar da za su gano wata rana a bakin wani. Mu Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na al'ummar Ghana bisa ƙidayar 2021. Adadin ya isa a zauna da hukumomi a nemi tsari na dindindin: likitan da zai riƙa duba irin waɗannan gawarwaki a ƙarshen mako, da wakilin masallaci a kowace gunduma wanda ya san hanyar takardu, zai raka iyali daga ofishi zuwa ofishi. Wannan aiki ne da ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, da sarakunan Zango za su iya jagoranta.

A yi masa salla ko a'a?

Wahala ta biyu a masallaci take. Mutane da yawa sun yi imani cewa wanda ya kashe kansa ya fita daga Musulunci, ba a yi masa wanka, ba a sallace shi. Wannan ba shi ne abin da jumhurun malamai suka tafi a kai ba. A mazhabobin nan huɗu, har da ta Imamu Malik da mafi yawanmu ke bi, Musulmi ne da ya aikata babban zunubi. Ana yi masa wanka, a sa masa likkafani, a yi masa salla, a binne shi a maƙabartar Musulmi.

Gaskiya ne ya zo a Sahihu Muslim cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gawar wani da ya kashe kansa, bai sallace shi ba. Malamai suka ce ya yi haka ne don tsoratarwa, bai kuwa hana sauran mutane yin sallar ba. Daga nan ne wasu suka ce babban malami na iya janyewa, wani ya ja sallar. A cikin littafin dai akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa a Madina har ya yi wa kansa abin da ya zama ajalinsa, kuma Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara. Sannan kowane ɗalibin fiƙihu ya san an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Wa ya san halin da ƙwaƙwalwar mamacin take ciki a wannan dare? Hukuncinsa na wurin Ubangijinsa. Namu shi ne farilla ta jana'iza, wadda in kowa ya ƙi yi, duk unguwa ta ɗauki zunubi.

Waɗanda aka bari

Ni malamin makaranta ne, kuma a aji ake ganin ragowar abin da manya suka yi a unguwa. Na taɓa koyar da wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare da mahaifinta ya rasu ta wannan hanya. Ta dawo bayan mako guda. Ƙawarta ta canja benci, wai mamarta ta ce abin yana bin jini. Ranar nan bayan an tashi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wai da gaske ne babana ɗan wuta ne? In na yi masa addu'a Allah zai karɓa?"

Na ce, "'Yata, babanki Musulmi ne, kuma ciwo ne ya ci ƙarfinsa. Ki yi masa addu'a kullum, ni ma zan yi." Ta ce tun ranar da abin ya faru ba wanda ya ambaci sunansa a gidansu.

Masana sun tabbatar cewa waɗanda suka rasa nasu ta wannan hanya su ma suna cikin haɗari fiye da sauran mutane. Ba don aljani ba. Don baƙin ciki ne da ya haɗu da kunya, da zargin kai, da kaɗaici. Matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma a ɗaki ita kaɗai, dangin miji na cewa ita ta kai shi, wa ke leƙa ta? Addinin da ya ce a dafa wa iyalan Ja'afar abinci ranar da labarin rasuwarsa ya iso, bai ware wani gidan makoki ya ce ban da wannan ba.

Mun iya kashe kuɗi a kan addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. A kafa rumfa, a yi hayar kujeru, a dafa shinkafa, a yi anko. Rana ta 41 kowa ya watse. Alhali a lokacin ne kuɗin haya ke zuwa, yara ke tambaya, dare ke tsawo. Da kowane masallaci zai ware wani abu daga kuɗin da ake tarawa, ya naɗa mata biyu da maza biyu masu riƙe sirri da za su riƙa ziyartar gidan rasuwa har shekara ta zagayo, da an ceci mutane da yawa. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAG tana da rassa a yankuna, kuma mata sun fi kowa sanin ɗakin da ake kuka a ciki.

Ina za a kai mara lafiya?

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne: na Akra, da Pantang, da Ankaful kusa da Cape Coast. Duk a kudu suke. Mutumin Bawku ko Wa ko Yendi ba shi da ko ɗaya kusa. Wannan giɓi ne da ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tayarwa duk lokacin kasafin kuɗi. Amma kada wannan ya sa a zauna. Asibitocin yanki da na gunduma da yawa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da nas-nas da aka horar don wannan aiki. A nan ake farawa. In abu ya yi gaggawa, a kira 112.

Ba ina cewa a bar addu'a da ruƙya ba. Mai ciwon suga yana addu'a yana shan magani, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Ciwon damuwa ma ciwo ne. Malamin da aka kawo wa saurayi ya daina barci, ya daina cin abinci, yana cewa gara ya mutu ya huta, babban taimakon da zai yi shi ne ya yi masa addu'a sannan ya ce, "Ku tashi mu je asibiti." Ɗaure mutum da sarƙa ba magani ba ne.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Yaron da ya faɗi BECE ko WASSCE ya kulle kansa a ɗaki. Saurayin da caca ta waya ta cinye jarinsa, ko tramadol ta kama shi. Wanda aka dawo da shi daga Libiya hannu rabbana bayan gida ya sayar da fili don tafiyarsa. Mai jego da ta daina kula jaririnta. Magidancin da bashi ya yi wa katutu ya fara rabar da kayansa yana neman gafarar mutane ba dalili. Idan ka ga haka, ka zauna da shi ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ke buɗe masa baki. Kada ka yi masa wa'azin wuta a lokacin, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kawar da magunguna da maganin feshin gona daga inda hannunsa zai kai.

Abin da ke hannunmu

Ranar 10 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan musiba a duniya. Limamanmu za su iya ware huɗubar Juma'ar da ta fi kusa da ita su faɗi abu uku da Hausa, da Dagbanci, da duk harshen da jama'a ke ji: haramun ne, ciwo ne da ake magani, kuma doka ba ta kama wanda ya nemi taimako. Sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta Ghana zai iya tabbatar da cewa kowace makarantarmu tana da malamin ba da shawara na gaske, wanda yara suka san ƙofarsa. Masu riƙe da waya kuma su ji tsoron Allah, su daina yaɗa hoton gawa da bayanin yadda abin ya faru, domin wani mai rauni yana kallo.

Sauran kuma ba ya bukatar doka ko kasafi. In ka ji an yi irin wannan rashi a layinku, ka yi alwala ka je. Ka tsaya a sahu, ka ɗauki makara, ka zauna a tabarma. Kada ka tambayi yadda aka yi. Ka ce Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri, sannan bayan arba'in ka sake komawa.