Kyawun fuska da adalci a rabon kuɗi

Kyawun fuska da adalci a rabon kuɗi wani ɓangare ne na bincike da ke duba yadda kamannin mai tayi ke sauya martanin ƙwaƙwalwa idan an tauye wa mutum kasonsa.

Wasan Ultimatum

Werner Güth da abokan aikinsa ne suka fito da wannan gwaji a Jamus a shekarar 1982. Ana ba mutum kuɗi ya raba da wani. Idan na biyun ya sallama, kowa ya ɗauki kasonsa. Idan kuwa ya ce "albarka", kamar yadda mai kaya ke ƙin tayi a kasuwar Shinkafi, dukansu sun rasa. Mutane da yawa sukan ƙi ɗan ƙaramin kaso, ko da za su tashi hannu rabbana.

Martanin ƙwaƙwalwa

A 2003 Alan Sanfey ya nuna cewa tayin rashin adalci yana motsa insula, sashen da ke da alaƙa da ƙyama. A 2015 Qingguo Ma, na Jami'ar Zhejiang a ƙasar Sin, ya auna ƙwaƙwalwar maza da na'urar EEG. Sun fi karɓar mummunan tayi daga mata masu kyawun fuska, kuma alamar da ke bambance rabon adalci da na ƙwara ta dusashe. Sai dai hotuna kawai mazan suka gani.

Kyawun ma yana da nasa haraji: binciken Solnick da Schweitzer na 1999 ya gano ana ba kyawawa kaso mai tsoka, amma ana kuma neman ƙari daga gare su.