Dandali da Lambun Unguwa a Tsarin Garuruwan Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa filin jama'a ba ya ɗorewa sai an san mai shi da mai kula da shi. Za mu kwatanta abin da ya faru a Ingila da na ƙasar Hausa.

Lambun Unguwa a Landan

Tun ƙarni na 17 masu filaye a Landan suka riƙa gina gidaje kewaye da fili mai kusurwa huɗu. Alal misali, an gina unguwar Bedford Square daga 1775, da lambu a tsakiyarta. Akan shinge lambun, mazauna unguwar su riƙe mabuɗi, su kuma biya kuɗin gyaransa. A 1931 aka yi dokar da ta hana gini a irin waɗannan filaye fiye da 400.

Dandali a Ƙasar Hausa

Bahaushe bai san lambu mai mabuɗi ba. Dandali ya sani, wato filin ƙofar fada inda ake hawan salla, yara su yi wasa da dare. Gidan Rumfa, wanda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya gina, yana da irin wannan fili. Sarki ne mai tsaron dandali, don haka babu mai iya yanka shi.

Zuwan Turawa ya kawo wani salo. Bisa tsarin Lugga na 1917, an tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Wannan fili na raba jama'a ne, ba na tara su ba. Bayan haka, dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, aka rage ikon sarakuna a kansu.

Kammalawa

Garuruwan Bakura da Talata Mafara da Maradun sun bunƙasa tun bayan gina madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 da ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Idan aka yanka sabuwar unguwa, filin da aka bari ba sarki ke tsaronsa ba, ba kuma mazauna ke riƙe da shi ba, sai ya zama juji ko a sayar da shi fuloti-fuloti. Shawararmu ita ce a rubuta irin wannan fili da sunan unguwa, a ɗora wa mai unguwa da dattawanta alhakin dasa itatuwa da tsaronsa.