Daga Ruwan Kanal Zuwa Mafitsara: Yadda Tsargiya Ke Share wa Ciwon Daji Hanya

Manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, da mutanen Dawakin Kudu har zuwa Tamburawa a bakin kogi, sannunku da aiki, Allah ya ba da yabanya mai albarka. Yau maganar ciwon daji za mu yi, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, kuma ta ƙofar da ta fi kusa da ku za mu shiga, wato ruwan da kuke tsoma ƙafa a ciki kullum.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya daina tafiya tare da damina a wannan yanki. Ga shinkafar Kura, ga alkama da albasa, ga tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa Kudu. Babu mai musun wannan alheri. Sai dai ruwan da ke tafiya a hankali cikin kanal, da ciyayi a gefensa, shi ne mazaunin da wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ya fi so, kuma a cikin jikinsa tsutsar tsargiya ke girma.

Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige jikin dodon koɗi su hayayyafa. Bayan wasu makonni su fito dubbai, ido ba ya ganinsu, suna iyo suna jiran fatar mutum. Yaro mai wanka, mace mai wanki, magidanci mai dashen shinkafa, duk ta fata suke shigarsu, ko da ba a kurɓi ruwan ba. Su bi jini su girma, mace da namiji su haɗu su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. A nan macen za ta yi shekaru tana zuba ɗaruruwan ƙwai kowace rana, kowane ƙwai da ɗan tsini a ƙarshensa. Wasu su huda bangon mafitsara su fita da fitsari, shi ne jinin da yaro ke gani a ƙarshen fitsarinsa. Sauran kuwa su maƙale a cikin naman, kuma waɗannan da suka maƙale su ne abin tsoro.

A garuruwanmu da yawa fitsarin jini ba ya tayar wa iyaye hankali. Wasu ma cewa suke alamar balaga ce, kowane namiji sai ya yi. Iyayenmu, wannan magana ba gaskiya ba ce. Babu jinin da ke fita daga mafitsarar yaro sai da rauni a ciki.

To ina ruwan wannan da ciwon daji? Sai mun leƙa cikin jiki tukuna.

Jikin babban mutum ya ƙunshi ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Kowace ɗaya tana ɗauke da umarnin da Allah ya tsara mata a cikin abin da masana ke kira DNA: lokacin da za ta rabu biyu, lokacin da za ta dakata, da lokacin da za ta mutu ta ba wata wuri. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu, sai ta kwafi wannan umarni gaba ɗaya, kuma a wajen kwafa akan samu kuskure. Yawanci jiki na gyara shi nan take. Akwai ma wani sinadari mai gadi, wanda aka gano a 1979 aka sa masa suna p53, aikinsa shi ne tsayar da ƙwayar da ta lalace har a gyara ta, in ta ƙi gyaruwa ya sa ta kashe kanta. Ciwon daji na farawa ne idan kurakurai suka taru a cikin ƙwaya guda, ɗaya bayan ɗaya, har suka taɓa masu gadin su kansu. Daga nan sai ta yi ta rabuwa ba tsayawa, ta ƙi mutuwa, 'ya'yanta su gaji halinta, su dunƙule su zama ƙari. Ƙarin ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini yana cin abincin jiki, ya kutsa cikin naman da ke kusa, wasu ƙwayoyin su ɓalle su bi jini su je su kafa zango a wata gaɓar. Wannan tarin kurakurai kan ɗauki shekaru, shi ya sa ciwon ya fi kama manya.

Yanzu mu koma ga ƙwayayen nan da suka maƙale. Jiki na ganinsu a matsayin abokan gaba, sai ya turo dakarunsa su kewaye su. Wurin ya kumbura, ya yi miki, ya warke, sabon ƙwai ya zo ya sake fama shi. Shekara goma, shekara ashirin, fatar cikin mafitsara tana ta rabuwa don cike gurbi, kuma yawan kwafa shi ke kawo yawan kuskure. Gubar da dakarun jiki ke fesa wa ƙwan tana taɓa DNA ɗin ƙwayoyin da ke gefe. Ƙwayoyin cutar da ke samun mafaka a mafitsara mai miki su ma suna haɗa sinadarai masu jawo daji a cikin fitsari. A hankali lallausar fatar ta canja kama ta yi kauri, kuma daga nan irin dajin da ke bin tsargiya ke tsirowa. In mutum na shan taba kuwa, ya ƙara wa kansa haɗari, domin a duniya baki ɗaya taba ce kan gaba wajen jawo dajin mafitsara.

Ba yau aka san wannan ba. A birnin Alƙahira wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a 1851. A 1911 wani likitan, Ferguson, ya lura da yawan dajin mafitsara a jikin manoman Masar masu ban-ruwa da Kogin Nilu. A 1994 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsutsar tsargiyar mafitsara cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne abin da ya biyo baya a Masar ɗin: da suka dage da raba magani, tsargiya ta ja baya, irin wannan dajin shi ma ya ragu a asibitocinsu. Nijeriya kuwa har yau tana sahun gaba cikin ƙasashen da tsargiya ta fi yawa a duniya.

Kada hankalin kowa ya tashi fiye da kima. Mafi yawan waɗanda suka yi tsargiya ba za su kamu da daji ba. Amma wanda ya kamu, ga abin da yake fuskanta.

Alamar farko ita ce jini a fitsari, sau da yawa ba tare da zafi ba. Ya zo ya ɗauke, ya sake dawowa. Magidanci ɗan shekara 40 ko 50 sai ya ce ai tsargiyar yarinta ce ta motsa, ya nemi saiwa ya jiƙa. Wata na wucewa ƙarin na cin bangon mafitsara. Fitsari ya yawaita, ya koma da raɗaɗi, gudajin jini su riƙa fita, wani lokaci har da ɗan farin nama. Kun san yadda ciyawar kacalla ke cike kanal har ruwa ya kasa wucewa ya koma baya. Haka ƙarin ke toshe bakin hanyoyin nan biyu da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Ƙoda ta kumbura, ta gaza tace jini, ƙafafu su haye, amai da kasala su biyo baya. Zubar jini ta sa mutum ya ɗashe, ya riƙa haki daga ɗan taku kaɗan. Sinadaran da ciwon ke sa jiki ya saki suna kashe sha'awar abinci, suna narkar da tsoka, shi ya sa za ka ga ƙaƙƙarfan manomi ya rame ƙwarai ko da ana dafa masa abin da yake so. Idan ya yaɗu, yakan kai huhu da hanta da ƙashi.

Akwai maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an yi allura ko tiyata sai ya fusata. Abin da ke faruwa shi ne, mutane kan isa asibiti ne bayan ciwon ya gama yaɗuwa, in rai ya yi halinsa sai a ɗora wa wuƙar likita laifi. Ƙarin da aka tarar yana ƙarami, ana iya kankare shi ta hanyar mafitsara ba tare da an tsaga ciki ba. Wanda ya shiga tsoka kuwa sai an cire mafitsarar dungurungum an yi wa fitsari wata hanya, aiki mai tsada da wahala. A Kano akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin mafitsara na Abubakar Imam. Za su yi hoton ciki, su zura siririyar na'ura mai fitila su ga mafitsarar da idonsu, su ɗebi ɗan nama a gwada.

Ita kuwa tsargiya maganinta a hannu yake. Sunansa praziquantel, 'yan ƙwayoyi ne da ake sha bayan an ci abinci, gwargwadon nauyi ko tsayin mutum, kuma kyauta ake raba shi a makarantu lokacin gangami. Tsutsa yake kashewa, ba ya warkar da daji, kuma ba ya hana sake kamuwa, don haka wanda sana'arsa a ruwa take sai ya riƙa maimaitawa bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Ba za a ce wa manomin Bunkure ya bar ruwa ba, abincinsa ke nan. Amma dogon takalmin roba na rage haɗari, ruwan wankan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu tsutsar cikinsa ta mutu, kuma gyaran kanal daga ciyayi na hana dodon koɗi wurin zama. Sama da duka, a daina fitsari a ruwa.

Iyaye mata, ku tambayi 'ya'yanku yau da dare yadda fitsarinsu yake, har da 'yan matan, domin su ma tana kama su. Malaman allo da na Islamiyya, in masu rabon magani sun zo, a haɗa da almajirai da yaran da ba sa zuwa boko, don su ne suka fi daɗewa a ruwa. Mai kai fitsari gwaji ya kai na tsakanin hantsi da azahar, lokacin ƙwan ya fi fita. Kai kuma Malam, da ka haura shekara 40, in ka ga jini a fitsarinka ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, kada ka jira sai an gama girbi. Ka je asibiti cikin makon nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.