Abin da alƙaluman labaran zaɓe ke tsallakewa a Kankiya da Kusada

Tun da aka buɗe yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa ranar 28 ga Satumba, 2022, cibiyoyi irin su International Press Centre da ke Legas suka riƙa bibiyar jaridu. Aikin ƙirga ne: labarai nawa aka buga kan Tinubu, Atiku, Obi ko Kwankwaso, wa ya hau shafin farko, yabo ne ko suka.

Alƙaluman suna da amfani, domin Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta wa kafafen gwamnati bai wa jam'iyyu dama daidai wa daida. Sai dai zaɓin editocin Legas da Abuja suke aunawa, waɗanda galibi da Turanci suke bugawa.

Manomin Kusada kuwa rediyo yake saurara, da saƙon murya a WhatsApp, da hirar majalisa bayan la'asar. A Kankiya, komawar Sanata Ahmad Babba Kaita jam'iyyar PDP a 2022 ta fi kowane kanun labari kusa da kunnen mai zaɓe. Obi ya cika shafukan jaridu, amma a jihar Katsina ƙuri'unsa ba su kai 7,000 ba. Atiku ne ya zo na ɗaya da ƙuri'u 489,045.